Hular da ke Rataye a Zauren Malam Sada

"Naja'atu... don girman Allah ki tsaya!"

Ba ta tsaya ba. Sai ma ta ƙara sauri, tana kutsawa tsakanin buhunan masara na kasuwar hatsi ta Funtua. Muryar nan ko a mafarki ta ji ta sai ta gane ta. Zubair ne, saurayin da ta so kamar ranta, wanda tun zaɓen kansila da ya wuce ba ta sake yarda sun haɗa ido ba.

Ya sha gabanta wajen masu awon waken suya, yana haki.

"Naja, me na yi miki? Da kin hango ni sai ki canza hanya. In kashe ni za ki yi, ki bari in san laifina tukuna..."

Ta ɗago kai a hankali. Ya rame, Allah sarki, har ƙashin wuyansa ya fito.

"Ina hular da na ɗinka maka?"

Sai ya kawar da kai.

Ai kuwa dole ya kawar da kai. A Gozaki, garinsu, siyasa ta raba mutane gida biyu. Akwai 'yan jam'iyyar Tulu masu shuɗiyar hula, akwai 'yan jam'iyyar Rumbu masu ruwan ɗorawa. Abin har ya wuce hankali, wallahi! Mai shayi daban, mai aski daban, ko gayyar noma aka kira sai an tambayi gonar ɗan wace jam'iyya ce. Mahaifin Naja'atu, Malam Sada, ɗan Tulu ne na gani-kashe-ni. Gidan su Zubair kuwa Rumbu suke tun kakanni.

Duk da haka ta so shi. A ɓoye ta ɗinka masa hula mai launin jam'iyyarsu, da zaren ya ƙare mata sai ta ƙarasa bakin da ragowar shuɗin zaren hular babanta. Ana gobe zaɓen kansila ta ba shi, ya yi dariya ya ce, "Kin haɗa Tulu da Rumbu a kaina, masoyiyata."

Washegari rikici ya ɓarke a firamare kan akwatin ƙuri'a. Yayanta Mahadi, wanda ke wakiltar Tulu a rumfar zaɓen, aka tsinto shi bayan aji, an sare shi a cinya, rai ya yi halinsa. Tare da gawar aka kawo hula ruwan ɗorawa, jini ya rine ta.

Malam Sada ya kafa ƙusa a zaurensa ya rataye ta. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa. "Ga hular wanda ya kashe mini ɗa. Ɗan Rumbu ne."

Ba wanda ya san mai ita, don ranar kaɗai aka taɓa sa ta. Naja'atu kuwa kallo ɗaya ta yi ta ga shuɗin zaren nan. Tun daga ranar ba ta ƙara samun kwanciyar hankali ba. In za ta fita sai ta bi ta ƙarƙashinta, in ta dawo tana nan tana jiranta. Wani lokaci tana surfe sai ta ji kamar Mahadi na kiranta daga zaure, "Auta, kawo mini ruwa," ta saki taɓarya ta ruga, ba kowa sai hular. In ta faɗi mai hular, matasan Tulu ba za su bar Zubair da rai ba. In ta yi shiru, ta ci amanar jinin ɗan'uwanta. Haka ta zauna, duk manemin da ya zo ta kore shi.

"Hular tana zaurenku," in ji Zubair. "Na sani."

"Innalillahi... ashe kai ne!"

"Naja! Ni? Ni zan sari Mahadi? Tare fa muka yi kiwon awaki!"

"To ta yaya hularka ta je wurinsa?"

Ya dafa buhu. "A kwance na same shi, jini na ta zuba. Ban ga wanda ya sare shi ba, wallahi ban gani ba. Na cire hular na danna a kan ciwon, na kwanto robar ɗaure kaya daga babur ɗina na ɗaure. Ina ƙoƙarin ɗaga shi sai ga mutanenku da gorori, suna ihu. Shi da bakinsa ya ce, 'Gudu, Zubair, ba za su saurare ka ba...' Na gudu, Naja. Na gudu na bar shi."

Hawaye ya wanke mata fuska. Zuciyarta na son ta yarda, tsoro na hana ta.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa zan faɗa wa? Naku su ce makashi, namu su ce maci amana, kawuna ne fa ɗan takarar Rumbu. Na ɗauka ke kin san ba zan iya ba..."

Wannan maganar ta soke ta ƙwarai. Ta goge ido da bakin hijabi.

"Ranar Asabar 'yan Tulu za su yi gangami. Honarabul, ɗan takararsu, ya aiko, ya ce Baba ya ba da hular a ɗaga ta a kan mumbari, mutane su tuna."

"Da jinin Mahadi za a sake neman ƙuri'a?" Ya girgiza kai. "Gobe ina nan tafe gidanku."

"Kada ka zo! Zubair, za su kashe ka!"

"Ai na daɗe da mutuwa, rabin raina. Tun ranar da kika daina kallona."

Ya kuwa zo. Bayan la'asar, kai babu hula, ya yi sallama a ƙofar da ɗan Rumbu bai taka ba tun rasuwar. Naja'atu ta laɓe bayan ƙyauren cikin gida. Malam Sada na zaune kan tabarma yana ɓare masara.

"Kai ba ɗan gidan Alhaji Buba ba ne? Ɓatan hanya ka yi?"

Zubair ya durƙusa. "Baba, hulata na zo karɓa."

Masarar ta suɓuce daga hannun tsohon.

"Me ka ce?"

"Waccan ta jikin ƙusa. Tawa ce."

Naja'atu ba ta san lokacin da ta faɗo zauren ba. "Baba, ni na ɗinka ta! Dubi bakinta, zaren hularka ne! Don Allah ka saurare shi, Baba, in dukansa za a yi a fara da ni..."

Malam Sada bai ko dube ta ba. Idonsa na kan Zubair.

"Da me ka ɗaure ta?"

"Da robar babur, Baba. Baƙa, mai ƙulli a tsakiya."

Malam Sada ya sunkuyar da kai. Can sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, ko ranar jana'iza: hawaye na bin gemun mahaifinta.

"Ni na yi wa ɗana wanka," ya ce a hankali. "Da hannuna na kwance robar nan. An ɗaure ta tamau, ɗaurin mai son ya tsayar da jini. Na san wanda ya sari mutum ba ya tsayawa ɗaure masa ciwo... na sani! Na faɗa wa manyan jam'iyya, suka ce in bar maganar, za ta sanyaya gwiwar mutanenmu. Ni kuma ina neman wanda zan tsana, sai na bi su."

"Baba..."

"Kullum Mahadi na zo mini a mafarki, ba ya cewa komai, hular kawai yake kallo." Ya juya ga Zubair. "Ya yi magana? Kafin... ya ce wani abu?"

"Ya yi kalmar shahada, Baba. Ni na laƙƙana masa, ya amsa. Sannan ya ce in gudu."

Tsohon ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Alhamdulillahi... ashe bai tafi shi kaɗai ba. Ashe da mutum a kansa!"

Ya miƙe da ƙyar, ya sauke hular daga ƙusa, ya sa ta a hannun Zubair da hannu biyu.

"Ka gaya wa Alhaji Buba ina jiran magabatanka kan maganar aurenku. In ya ƙi tako ƙofata, ni zan taka tasa."

Ranar Asabar motar kamfen ta tsaya a ƙofar gida, lasifika na ta kiɗa. Shugaban matasan Tulu ya shigo da fara'arsa.

"Baba Malam, Honarabul na gaisuwa. Mun zo ɗaukar hular."

"Mai ita ya zo ya karɓa."

"Wane ne? Faɗa mana sunansa!"

"Surukina ne," in ji Malam Sada. "Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa."

Kafin magariba an cire tutar jam'iyya daga ƙofarsa. Abokansa na majalisa suka daina amsa masa sallama, rabon takin bana ma aka tsallake gidansa. Shi kuwa ya ci gaba da shirin auren 'yarsa.

Bayan an ɗaura aure, Naja'atu ta jiƙa hular a ruwan ɗumi, ta cuɗa, ta sake cuɗawa. Tabon ya ƙi fita.

"Bar shi haka, amaryata," in ji Zubair. "Na ɗan'uwanmu ne."

Ranar da ta je gida gaisuwa, ta tsaya a zaure tana kallon ƙusar da ba komai a jikinta. Ta kasa kunne, ko za ta ji an ce, "Auta, kawo mini ruwa."

Ba wanda ya kira ta. A nan ta durƙusa, ta yi wa yayanta kukan da ta kasa yi tun ranar da aka kawo shi.