Rimot Ɗaya, Ƙofa Biyu

Auta tana tsaye a kan benci tana shafa wa bangon gareji fenti, sai ƙofar ta yi ƙara ta fara naɗewa sama ita kaɗai. Ba ta taɓa komai ba. Rimot ɗin ma yana aljihun babanta, shi kuwa yana ɗaki yana hutawa.

Hasken yamma ya shigo ya same ta cikin tsohuwar rigar yayanta, da farin fenti a goshi da kan hanci. A tsallaken titi wata ƙaramar mota ta tsaya gaban gidan da ya daɗe babu kowa, ƙofar garejin can ita ma tana tashi. Saurayin da ke tuƙi ya juyo, suka haɗa ido. Ya ɗaga mata hannu. Ita ma ta ɗaga, ta manta da burushi a hannun, fenti ya ɗiga mata a kafaɗa.

"Sannu da aiki," in ji shi.

"Yawwa, sannu," ta ce.

Motar ta shige. Jim kaɗan ƙofar nan ta sauko da kanta, ta bar Auta tana kallon ƙarfe.

Gyaran garejin aikin Baba ne. Tun da ya yi ritaya daga aikin awon filaye ya rasa abin aunawa, sai ya faɗa wa gidansa. Tsohuwar ƙofar mai ganye biyu ce, tana jan ƙasa, kullum sai ya ɗaga ta da ƙarfi, har ta bar masa ciwon baya. Ya daɗe yana zaɓe. Mai zamewa gefe ba ta da wurin zamewa, mai ɗagawa gaba ɗaya za ta doki motar duk wanda ya tsaya kusa. A ƙarshe ya tsaya kan mai naɗewa sama kamar tabarma, da ɗan inji a maƙale a rufi.

Wanda ya saka ta ɗan abokinsa ne mai shagon ƙofofi. Garanti ake kiransa, domin ba ya iya gama magana bai ce garanti ba. Aikin ya ƙare tuntuni, amma shi bai daina zuwa ba. Yau ya zo duba ƙusa, gobe ya zo zuba mai, idonsa kuma a kan ƙofar falo.

Sabon maƙwabcin, saurayin nan mai ƙaramar mota, likitan ido ne. Ya shigo gaida mutanen gida kamar yadda ya dace, Auta ta kawo masa ruwa, ya ce da ƙyar ya gane ta babu fenti. Mama ta yi dariya, Baba bai yi ba. Kafin ya fita ya ce ya kamata maƙwabta su riƙe lambar juna saboda halin rayuwa. Lambar da ya fita da ita ba ta Baba ba ce.

Daga nan Auta ta gano cewa bangon yana buƙatar shafi na biyu, sannan na uku, kuma duk da yamma. Ƙofar takan tashi, su gaisa, ta sauko. Wata rana saƙonsa ya shigo:

"Mai Fenti, na gode da kike buɗe ƙofa duk sanda na dawo. A nan gajiyar asibiti take ƙarewa."

"Ni? Wallahi ban taɓa buɗewa ba. Da kanta take tashi, na ɗauka injin ne bai zauna ba."

"Ashe ƙofar ta fi ki tausayina."

Ta rubuta: "Danna rimot ɗinka yanzu in gani."

Ƙofar ta tashi. Yana tsaye a bakin garejinsa da rimot a hannu, baki buɗe. A shagon su Garanti shi ma ya sayi tasa, kuma Garanti ya bar duka biyun a kan lambar rimot guda da suka zo da ita daga kamfani.

"Maƙwabci, ashe kai ne ɓarawon."

"Na amsa laifina. Gobe zan kira a canza lambar."

Amsarta ta shigo:

"Kada ka yi sauri."

Bai yi saurin ba. Son da yake mata ya riga ya wuce wasa, ita ma haka, kuma ƙofar da ke tashi da kanta ba ta buƙatar kowa ya nemi izini.

Baba kuwa yana da nasa lissafin. Duk sanda zai fita yakan shiga mota a cikin gareji, ya danna rimot, kafin tasa ta gama tashi ta tsallake ma ta tashi. Idan ya fito sai ya gan ta a buɗe. Ya danna ya rufe tasa, ya wuce ba waiwaye. Haka in ya dawo, tun daga kwana yake dannawa.

"Likita ne wai," yake ce wa Mama, "amma ƙofarsa kullum a wangale. Wanda bai iya rufe gareji ba, shi ne zai riƙe 'yar mutane?"

Shi ya sa ranar da Likita ya zo ya durƙusa ya nemi izinin neman Auta, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce zai yi tunani.

Yana cikin tunanin ne abin ya faru. Wata yamma ya aiki Auta, ya shiga gareji da kansa yana jera kayan aikinsa a sabuwar kanta. Ƙofar ta yi ƙara ta tashi. A tsallake, Likita yana cikin mota da rimot a hannu, ya shirya murmushinsa tsaf yana jiran Mai Fenti. Sai ya ga Baba, da guduma a hannu.

Murmushin bai san inda zai koma ba.

Aka kira Garanti. Bai ko buɗe murfin injin ba.

"Baba, wannan ba ya yiwuwa, garanti. Kowace ƙofa da lambarta. Sai dai in wani daga cikin gida ya ba shi rimot ɗin ajiya ya kwafa."

Na ajiyar kuwa a hannun Auta yake.

"Baba, ban ba shi komai ba," ta ce. "Lambar ce ɗaya. Naka ma yana buɗe tasa. Ka fito waje ka gwada."

"Ba zan tsaya a titi ina wasan yara ba. Tun yaushe kika san nasa yana buɗe ƙofata?"

Ta sunkuyar da kai. "An ɗan jima."

"Kin sani kika yi shiru. To wanda ya iya wannan shirun, me zai hana shi ƙarya?"

Wannan ce ta fi yi mata ciwo. Tun tana ƙarama ita ce ke riƙe masa bakin igiyar awo, duk lambar da ta faɗa ba ya sake dubawa. Yau ga shi ya karɓi rimot ɗin ajiya daga hannunta ya jefa a aljihu, ya ce kada ya sake jin sunan yaron nan a gidansa.

Ƙofar ta daina tashi ita kaɗai. Motar Likita ta koma kwana a waje, rana da ruwa duk a kanta. Garanti ya ce ai ga shi nan, tun da aka karɓe na ajiya magana ta ƙare. Ya ƙara yawan zuwa, har ya fara zama a falo yana bayanin injin da ake buɗewa da waya. Auta tana gaishe shi ta wuce.

Ta daure iya daurewarta, sannan ta rubuta:

"Ƙofar ta yi shiru. Ko kai ma ka haƙura da ni ne?"

"Haba Mai Fentina. In haƙura in je ina? Na dai ajiye rimot ɗin. Ba zan sake buɗe ƙofar Baba ba sai da izininsa."

"To ka canza lambar ka shigar da motarka mana, tana lalacewa."

"In na canza, babu sauran shaidar cewa ba ki yi masa ƙarya ba. Motar ta jira. Ni ma ina jira."

Ta karanta ta sake karantawa, ta yi kukanta, Mama ta shigo ta same ta. Mama ba mai yawan magana ba ce. Ta karɓi wayar ta duba, ta mayar mata, ta ce ta tashi ta wanke fuska.

Ranar hutun ƙarshen mako Baba ya danna rimot ɗinsa bai yi aiki ba. Ya buɗe bayansa, ya ga batirin a juye. Ya dubi Mama, ta ce ita me ta sani game da batiri. Ya gyara.

"Ni dai ban yarda da abin nan ba," in ji ta. "Wai daga nesa yake ci, amma ban taɓa ganin ka auna ba. Wataƙila ko tsakiyar titi ba ya kaiwa."

An taɓo Baba inda yake so. Ya sa takalmi ya fita, yana ƙirga taku a ransa, har tsakiyar titi. Ya fuskanci gidansa ya danna.

Ƙofarsa ta fara tashi. A bayansa ma wata ƙara ta tashi, iri ɗaya sak.

Ya juya a hankali. Ƙofar Likita tana naɗewa sama, babu kowa a kusa da ita. Ya danna, duka biyun suka sauko. Ya sake dannawa, suka tashi tare. Ya daɗe a tsaye a wurin, har wani mai mota ya yi masa hon.

Ƙarar ce ta fito da Likita. Ya ga Baba, ya rusuna.

"Ina kwana, Baba."

"Yaro, zo nan. Duk ranakun da nake ganin ƙofarka a buɗe…"

"Kai ne kake buɗewa, Baba."

"Ka sani?"

"Na sani."

"Ba ka zo ka yi min magana ba?"

"Gidan ɗanka ne. Duk sanda ka ga dama ka buɗe."

Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Kai da kake gyara idon mutane, ka bar ni ina kallo ba na gani."

Ya koma gida. Auta tana bakin gareji, ta ga komai. Ya tsaya a gabanta, ya zaro rimot ɗin ajiya daga aljihu ya sa mata a tafin hannu, ya rufe hannun da nasa.

"Ba ki ba shi komai ba."

"Ban ba shi ba, Baba."

"Awona ne bai yi daidai ba, Autata. Ki yafe min."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Garanti ya zo ya hau tsani da sukundireba a hannu, yana cewa irin wannan kuskuren daga kamfani yake, yanzu zai raba lambobin, garanti. Baba ya ce ya sauko daga tsanin.

"Bar su yadda suke. A duk aikin da ka yi min, wannan ne ya fi kyau."

Garanti ya naɗe kayansa. Tun daga ranar ƙusoshin ƙofar ba su sake buƙatar dubawa ba.

Da yammar nan saƙo ya shigo wayar Auta:

"Mai Fenti, Baba ya ce in turo manyana. Ya kuma ce in shigar da motata, wai tana ɓata masa kallon titi."

"Maƙwabci, ka danna. Ina nan tsaye."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Da aka zo tafiya da amarya, 'yan uwa suka jera motoci, Baba ya ce wace mota kuma, gidan da ga shi nan ana kallo. Ya sa aka taru a cikin garejin da ta yi wa fenti da hannunta, ƙofa a rufe. Mama ta rungume ta, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa alheri ya bi ta duk inda ta sa ƙafa. Aka amsa da amin.

Baba ya danna rimot. Ƙofofin biyu suka tashi tare. A can tsallake ango yana tsaye da danginsa.

Baba ya riƙe hannunta ya tsallaka da ita titi da kansa. Ya sa hannun a cikin na Likita.

"Ga ta nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari. Rimot ɗinka kuma ka fito da shi daga inda ka ɓoye. Yanzu da izinina."

Ya dawo shi kaɗai. Baƙi suka watse, aka kwashe kujeru, yana nan tsaye a bakin garejinsa yana kallon tsallake.

"Ka rufe mana, iska na shigo da ƙura," in ji Mama.

Ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin. Sai ya tuna cewa in ya rufe tasa, ta can ma za ta rufe. Ya mayar da rimot ɗin aljihu, ya jawo kujera ya zauna.

"Bar ta tukuna," ya ce.