Tabarmar Surukai

Ubale yana kan tsani yana gyaran tagar katako ta wani tsohon gida a unguwar Ammariyya ta Jidda, sai murya ta fito ta ramukan tagar.

"Ya mu'allim, ƙusar nan a karkace take."

Ya leƙa. Idanu biyu masu kwalli ya gani suna masa dariya. Guduma ta kusa suɓuce masa.

"Tagar ce a karkace, ba ƙusata ba."

"Halas, ka miƙe su duka."

Aikin da ya kamata ya ƙare kafin azahar sai da ya ci mako. Sunanta Mastura, 'yar Alhaji Abdulghani, haifaffiyar Jidda, Hausarta duk Larabci ya ratsa ta. Shi kuwa kafinta ne, ya zo daga Sudan tare da Baffa Usuman, ƙanen mahaifinsa da ya riƙe shi tun yana maraya. Kafin wata ya juya tana kiransa "ya galbi", wato zuciyata, shi kuma "Tura tawa".

Sai shekarar ta zo da zaɓe. Hausawan unguwar sukan zaɓi shehunsu, wanda zai tsaya musu in maganar iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ta cije, ko an yi rigima da kafili, ubangidan da ya tsaya wa baƙo. Babu takardar ƙuri'a. A fili ake taruwa bayan la'asar, kowa ya yi layi a bayan wanda yake so. Tun zamanin kakanni, mutanen Sudan bayan nasu suke tsayawa, haifaffun Jidda bayan nasu. Wani tela ya taɓa tsallakawa, ranar sunan ɗansa shi da matarsa kaɗai suka ci ragon.

Bana masu neman kujerar su ne Baffa Usuman da Alhaji Abdulghani.

Da maganar Ubale na neman Mastura ta kai kunnen Alhaji, a taƙaice ya amsa: "Ba na ba da 'ya a ɗaya layin." Baffa kuwa cewa ya yi, "Ƙafarka ta karkace ranar zaɓe, ka nemi wani ya tambayo maka aure."

Ubale ya rasa sukuni. Ya ɗauki zarto ya ajiye, ya zaga bakin teku ya dawo bai ga tekun ba. A ransa ya san Alhaji ya fi haƙuri, ya fi sanin ƙofofin hukuma, Baffa kuwa ga faɗa ga ƙarancin Larabci. To amma yaushe ya fara ganin hakan? Bayan aikin tagar ne. Abin da ya hana shi cin abinci ke nan.

Ana cikin haka Saleh, wani direba a unguwar Abhur da ya daɗe yana son Mastura, ya kai wa mutanen Sudan cewa Ubale ya sayar da ƙafarsa don mace. Ita kuma ya aika mata cewa Ubale ya rantse ba zai bi ubanta ba.

"Ka rantse?" ta tambaye shi ta tagar.

"Ban rantse wa kowa ba, Tura tawa."

"To ina za ka tsaya?"

"Ban sani ba."

"Ni na san inda na tsaya, ya galbi. An kawo maganar Saleh na ce a'a, Mama ta daina yi mini magana. Kai kuma ba ka sani ba."

Ta ja labule. Ya juya ya kama hanyar gida.

Ranar zaɓe fili ya cika. Layi biyu suka miƙe, can gefe kuma ga tabarma a shimfiɗe. A al'adar unguwar, suruki ba ya tsayawa a bayan surukinsa saboda kunya, ba ya kuma tsayawa a ɗaya layin. A tabarmar yake zama, ba a ƙirga shi.

Ubale ya tsaya tsakanin layukan, gumi ya jiƙa masa riga. Baffa yana kallonsa. Ya sunkuyar da kai ya nufi layin Alhaji. Mutanen Sudan suka fara guna-guni, Saleh ya yi tafi.

Alhaji ya juyo. "Zo nan, yaro. Don unguwa ka zo, ko don Mastura?"

Ubale ya ɗago kai.

"Baba, wallahi na kasa rabawa. Ina ganin kai ka fi cancanta. Amma sai da na gan ta na fara ganin hakan."

Alhaji ya waiwaya ya duba fili. Layukan sun kusa zuwa ɗaya, kowane mutum yana da nauyi.

"Da ka ce don unguwa, da na ƙirga ka na kuma hana ka ita," in ji shi. "Yalla, fita daga layina. Jeka tabarma."

Ubale bai gane ba sai da surukan da ke zaune suka matsa masa wuri suna dariya.

Baffa Usuman ya ɗaga murya daga can. "Abdulghani, ɗana ka zaunar ba ka tambaye ni ba?"

"Kai ne za ka zo ka tambaye ni, ya sheikh. Ka taho da goro mai kyau."

Baffa ya so ya ɗaure fuska, murmushin da ke motsa gemunsa ya tona shi. Da aka gama ƙirga, shi ya ci, da ɗan kaɗan. Alhaji ne ya fara ba shi hannu.

Bayan sallar layya aka ɗaura auren, sabon shehu ya karɓa wa ɗansa. Mutanen layi biyu suka zauna kan tire ɗaya, liman ya roƙi Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari, aka shafa.

Da aka kai amarya, Mastura ta ɗaga mayafi kaɗan.

"An ce ka jawo wa Babana faɗuwa."

"Shi ya kore ni, Tura tawa."

"Ya ce bai yi asara ba." Ta matsa masa a bakin gado. "Zauna, ya galbi. Tsayuwar ta isa haka."

Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidansu.