Jan Ruwa a Bakin Kududdufi

Ka gani. Kada ka ce ba ka gani ba. Ana gab da shuka, gyaɗa ta yi arha a garinku, a shekarar da ta biyo bayan cutar da ta cinye gonakin gyaɗa kaf. Ka san babu rumbun da za ta fito. Ka saya, ka kawar da kai.

Da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Kazaure daga wani ƙauye a ƙasar Roni. An kwashe irin gyaɗar da gwamnati ta aiko a raba wa manoma kyauta. Kafin Sufeto Sama'ilu ya isa, mutanen gari sun riga sun kama mai gadin siton da aka ajiye irin, wani baƙo mai suna Silvanus, sun ɗaure masa hannu da igiyar akuya.

Sufeto ya sa aka kwance shi, ya duba ƙofa. Kwaɗon lafiya lau yake.

"Mukulli nawa ne?"

Silvanus ya ce, "Biyu ne, ranka ya daɗe. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin malamin gona."

Malamin gonan shi ne Halliru, ɗan Malam Daudu limamin gari. Ya zo cikin farin yadi da agogo, ya ce nasa mukullin ya ɓace tun da rani. Ya ƙara da cewa baƙo ba ya jin zafin manomin gari. Jama'a suka gyaɗa kai. Ba wanda ya tambayi Silvanus komai, sai Sufeto.

Silvanus ya ce irin ba na ci ba ne. An cuɗe shi da jan magani mai kashe ƙwari, duk wanda ya taɓa sai hannunsa ya rine. Ya buɗe tafukansa. Babu ja.

Duk da haka aka ajiye shi a bayan mota, domin in aka sake shi a garin, ba zai kai la'asar da ƙafafunsa ba.

Sufeto ya zaga bayan gari. A bakin kududdufi ya tarar da laka ta yi ja, kwaɗi sun yi rigingine a gefen ruwa. Wani ya wanke wani abu a nan, mai yawa. Matan da ke ɗiban ruwa suka ce ba su lura ba.

A hanyar dawowa ya ga zaman makoki. Aka ce wani manomi ne, Abu, amai da ciwon ciki suka ɗauke shi, kwana ya ƙare. Matarsa Tasalla mai ƙuli-ƙuli ce. Sufeto ya nemi izini ya shiga ta'aziyya. Ya leƙa turminta. A tsagar itacen akwai ja.

"Baiwar Allah, a ina kika sayi gyaɗa?"

"Wajen wani falke, a kasuwa. Ban san shi ba."

"Marigayi yana cin ƙulinki?"

Ta ce kullum shi ke fara ci, da zafinsa, tun yana kan kasko. Tana faɗa sai ta tsaya. Ta dubi turmin, ta rufe fuska da mayafi. Sunan wanda ya sayar mata kuwa ta ƙi faɗa. Ta ce gidan da ya sayar mata, shi ya ɗaura mata aure, shi ya sallaci mijinta.

Sufeto ya kwashe sauran ƙulin ya kulle a mota, ya gargaɗe ta kada ta faɗa wa kowa. Sannan ya aika kofur kasuwar Roni ya sayo wani ƙulin.

Bayan azahar ya yi sallama a zauren liman. Dattawa na zaune, Halliru na can gefe. Sufeto ya ajiye ƙulin kasuwar a faifai a tsakiya, ya ce sadaka ce daga gidan mamaci, Tasalla ta ce a kawo wa Malam, ƙulin hannunta ne.

Sadakar mamaci ba a mayar da ita. Malam Daudu ya yi wa Abu addu'a, ya yi bisimilla, ya ɗauki ɗaya ya nufi baki.

Halliru ya kama wuyan hannun mahaifinsa.

"Baba, kada ka ci."



"Don me, malamin gona?" in ji Sufeto. "Duk garin nan an ce ciwon ciki ne ya kashe Abu. Kai me ka sani game da ƙulin Tasalla?"

Halliru bai ɗaga kai ba. Ya ce shi ya buɗe siton. Shi ya wanke irin a kududdufi, ya shanya, ya sayar gida gida. Ya ce ya ɗauka ruwa zai fitar da maganin.

Tsohon ya zare hannunsa a hankali. Ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya wa da wa ya saya. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

Kofur ya sa wa Halliru ankwa. Aka sauko da Silvanus daga mota, shatin igiya na nan a hannunsa. Ya tsaya ya jira ko wani zai ce masa ya yi haƙuri. Ba a samu ba. Ruwan shuka ya sauka a makon, gonakin gyaɗa suka zauna fayau.

To, kai da ka saya, sauran gyaɗar tana nan a ɗakinka. Ka fito da ita yau, kafin wata mata ta soya. Ka kai ta ofishin 'yan sanda da hannunka, ka faɗi wanda ya auna maka. In ka fito, ka nemi Silvanus, ka dubi idonsa, ka ba shi haƙuri.