Jirgin da Ya Ƙi Bin Hannuna

"Ba zan ƙara taka ƙofar gidanku ba, Kyaftin!"

Na ajiye filaya a kan teburin ɗakin gwaji, na ɗago na dubi Dogo, saurayina, wanda yake kirana Kyaftin. In ya yi fushi kunnuwansa har motsi suke, shi ya sa ban cika tsoron fushinsa ba.

"Za ka zo. Gobe ma za ka zo."

"Kin ji abin da Babanki ya ce kuwa? Ina durƙushe ina gaishe shi, wai ba zai ba da 'yarsa ga wanda yake tuƙa jirgi yana tsaye a tudu ba!"

Na danne dariyata da ƙyar. "Haba masoyi... ai bai yi ƙarya ba. A tudun muke tsayawa."

"Au, ke ma?"

"Ni taka ce. Ka bar mini Baba, na san hannunsa."

Shekara talatin Baba ya yi yana tuƙa jirgin fito mai inji, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Tun daga nan komai aka kawo masa sai ya ce a'a. Ni kaɗai ce 'yarsa. Ba zan yi aure ba da yardarsa ba, ba kuma zan auri wani ba Dogo ba. Duka biyun nake so, kuma ban taɓa jin cewa ɗaya zai kuɓuce mini ba.

Aikinmu na shekarar ƙarshe a makaranta ɗan jirgin ruwa ne mai tsawon hannu, wanda ake tuƙawa da rimot. Dogo ya ƙera gangar jikin, ni na ɗauki sitiyari. Ƙaramin moto na saka a cikin jirgin, na haɗa shi da siririyar sandar ƙarfe zuwa farantin da ke baya, wanda muke kira wutsiya. Ka tura rimot dama, sanda ta ja wutsiya, jirgi ya yi dama. Wata uku na yi a kai, har na san shi kamar yunwar cikina.

Ana gobe gwaji na kai shi gida don gam ya bushe. Na bar shi a teburin falo, na raka Mama kasuwa. Da muka dawo na tarar da Baba da tabarau a hanci, sukurudirebata a gefensa.

"Baba, me kake yi?"

"Kallo. An hana kallo ne?"

Washegari Mama ta taso Baba a gaba har bakin tafkin makaranta. Dogo ya kawo masa kujera, ya zauna bai ko dube shi ba.

Robobi uku ne a kan ruwa, jirgi zai zagaye su ya dawo. Dakta, malamin da zai ba mu maki, ya ɗaga biro. "Bismillah."

Jirgi ya tashi sumul. Na tura dama... ya yi hagu! Na ƙara turawa, ya ƙara yin hagu, ya je ya daki robar farko. 'Yan ajinmu suka ɗauki "Kai!"

Dogo ya shiga ruwa har gwiwa ya ɗauko shi. Ina buɗe murfin na gani. An cire sandar daga hannun dama na wutsiya an mayar da ita hagu, an ɗaure notin tsaf, har ya fi nawa ɗaurin kyau.

Nan take na gane. A jirgin Baba, in kana son yin dama, hagu kake tura sandar tuƙi. Ya gwada rimot ɗina ya ga akasin haka, ya ɗauka 'yarsa ta yi kuskure, ya gyara mata a ɓoye don kada ta ji kunya a gaban mutane.

Na waiga. Baba ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganinsa ya ƙanƙance haka ba, sai na ji zuciyata ta karye.

"Wa ya taɓa sitiyarin nan?" in ji Dakta.

Baba ya fara yunƙurin tashi. Dogo ya riga shi.

"Dakta, wannan tsarin masu jirgin gaske ne. Hannunmu ne bai iya ba. Ga mai shi nan, a ba shi minti biyu."

Ya je ya durƙusa, wandonsa na ɗigar ruwa, ya miƙa rimot da hannu biyu. "Baba, ka nuna mana."

"Kai, ni ban san wannan abin wasan ba..."

"Sandar tuƙi ce, Baba. Ƙanƙancewa kawai ta yi."

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya karɓa.

Wayyo, zo ka ga tuƙi! Jirgin ya kwanta ya zagaye robar farko, ya ratsa ta biyu kamar zare a allura, ya yi kwana a ta uku ko taɓa ta bai yi ba. Baba ya miƙe tsaye, ya manta da gwiwa, yana faɗin, "Haka ake shiga kwana! Tun daga nesa ake lallashinta!"

Tafi ya ɓarke. Dakta ya gyara murya ya dube ni. "Yanzu ke. Minti biyar, ki mayar da shi tsarinki."

Minti uku na yi. Na mayar da sanda dama, na zagaye robobin nan na dawo, ko gezau.

Da mutane suka watse, Baba ya kira Dogo. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni na ɓata muku aiki."

"Gyara ka yi, Baba."

"Kada ka yi mini daɗin baki, na san abin da na yi. Da ka yi shiru, da yau na zama abin dariya a gaban 'yata." Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga. "Wanda ya rufa wa tsoho asiri, ba zai tona na matarsa ba. Ka gaya wa iyayenka ina son ganinsu."

"Baba!" Na faɗa jikinsa ina kuka, Mama na gefe tana hamdala.

Ya shafa kaina, ya miƙa wa Dogo ɗaya hannun.

"Taso ka riƙe ni, ɗana. Gwiwar nan ta tuna da ni."