Hukuncin Mai Modem

Ruwan sama ne ya koro Injiniya cikin shagon buga takardu na Baba. Yana kakkaɓe rigarsa ya ji wata ƙara kamar ana shaƙe kyanwa. Tsohon modem ne a kan tebur, yana neman shiga intanet ta layin wayar tarho.

Ya tuntsire da dariya. "Baba, wannan abin yana raye har yanzu? A ɗakin sabar da nake aiki, wurin manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, igiyar da ke tsakanin faifai da na'ura ta ninka shi gudu sau dubu ɗari. Abin da zai wuni yana ja, kafin ka ƙifta ido mun gama."

Mutanen da ke jiran takardunsu suka yi dariya. Baba bai yi ba. Auta, 'yarsa, ta ɗago kai daga injin kwafi ta harare shi, shi kuwa hararar ce ta tafi da zuciyarsa.

Ya koma kullum yana da takardar da zai buga. Tun tana miƙa masa ba magana har ta ba shi lambarta.

"Hasken idona, yau ma sanyin ɗakin sabar bai kai sanyin muryarki ba," ya rubuto mata.

"Daɗin baki. Ka fara gyara naka bakin a gaban Babana," ta mayar masa.

Ranar da ya zo neman aurenta, Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya nuna masa tsohuwar kwamfutar.

"Hotunan gidan nan duka suna ciki, har na marigayiya mahaifiyarta. Ka tura su zuwa sabar taka, sai mu yi magana."

"Ai mai sauƙi ne, Baba. In cire faifan in jona shi da igiya."

"Ban ce ka cire komai ba. Ta modem ɗin nan za su bi."

Injiniya ya dubi modem ɗin. "Baba, makonni fa zai ɗauka."

"Na sani, ɗana. Shi ya sa."

Baba bai manta dariyar nan ba, kuma ya yi niyyar sai ya fanshe ta. Amma akwai wani abin da ke hana shi barci: mutumin da ba ya iya jiran na'ura, ina zai iya jiran mace ranar da ta gaji ko ta yi ciwo?

Kullum da yamma Injiniya yana kan benci, ya zuba wa allon ido, aikin yana rarrafe. Baba ya zauna gefe yana kurɓar shayi cikin nishaɗi.

"Yaya gudu, Injiniya?"

"Ana tafiya, Baba."

"A hankali dai, kada ka faɗi."

Sai kuma aka shiga wata fitina. Da hoto ya kusa kammala tafiya sai wayar tarho ta yi ƙara, layi ya katse, a koma farko. In an ɗaga, shiru. Injiniya ya zaci Auta ce ke taya mahaifinta ramuwa.

"Rabin raina, in kin daina so na ki faɗa mini kawai, ba sai kin riƙa yanke layi ba," ya rubuta mata.

"Ni kake zargi? To kada ka sake rubuto mini."

Ta daina kallon inda yake. Ya rame, amma bai fasa zuwa ba.

Wata rana Baba ya fita sayen tawada, ya bi ta gaban rumfar mai gyaran waya, maƙwabcinsu wanda ya daɗe yana son Auta. Ya gan shi yana leƙen shagon yana danna waya, a daidai lokacin tarho ya ɗauki ƙara a ciki.

Baba ya cafke wuyan rigarsa. "Kai! Ni kaɗai ke da ikon wahalar da yaron nan! Wa ya gayyace ka? In na sake ganin ƙafarka a ƙofata, sai ka gane kurenka!"

Ya shigo yana huci, ya faɗa musu wanda ke katse layin. Injiniya ya riga ya sake kunna modem, ya soma daga farko, ba tsaki ba ƙorafi. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa hannu ya zare igiyar tarhon.

"Cire faifan. Ya isa."

Injiniya ya jona shi da kwamfutarsa ta hannu, kafin Auta ta gama share hawayen da suka zubo mata don murna hotunan sun kwafu. Ya juya gare ta. "Ki yafe mini zargin da na yi miki."

"Zan yi tunani," ta ce, murmushi yana ƙwace mata.

Ranar ɗaurin aure Baba ya kasa zama wuri ɗaya. Da za a tafi da amarya ya riƙo hannun angon.

"Tana jin tsoron tsawa, kuma in ta yi fushi ba ta cin abinci, sai an lallashe ta. Ka riƙe mini ita da kyau."

"Na yi alkawari, Baba."

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Ku tafi, kafin in canza shawara."