Bugun Zuciyar Habibullah

Ranar da Safara'u ta fara ganin Habibullah, takarda da biro ne a hannunta. Gwajin ƙarfin jiki ake yi a sashensu na kimiyyar wasanni: maza su yi gudu, kowa ya ƙirga bugun zuciyarsa, ita ta rubuta. Na kowa ya sauka bayan hutu, nasa ko gezau.

"Malam, naka fa ya yi yawa."

"Ke ce kika matso kusa," ya ce yana haki.

Ta galla masa harara, amma fa magana ta ƙare. Kafin zangon karatu ya fita, kullum bayan la'asar yana ƙofar gidansu a Gyaɗi-Gyaɗi, yana kiran ta Fara'ata.

Kwatsam wata Asabar ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da ƙwallo a Tarauni. Ya farfaɗo, sai dai labarin ya riga ya isa kunnen Babanta.

"Ba zan ba ki wanda zai bar ki da takaba ba," in ji Baba. "Ga Murtala ɗan yayata, lafiyarsa garau."

Safara'u ta tashi ta bar wajen. Tana shiga ɗaki ta tarar da saƙon Habibullah a wayarta:

"Fara'ata, ki yafe min. Kowa aka ba ki ki karɓa. Kada ki neme ni."

Ta karanta ya fi sau goma. Wallahi da farko haushi ta ji. Daga baya ta gane ba ƙi ba ne, tsoro ne tsagwaronsa.

Ta nufi gidan yayarsa Asabe a Unguwar Gano. Can ta same shi ya rame, takardar da likita ya ba shi ta gwajin zuciya na ninke a aljihu, mako uku ya kasa zuwa.

"In suka ce mutuwa zan yi fa?"

"Ni ma abin da ke hana ni cin abinci ke nan, Habibi," ta ce. "Amma gara mu ji tare."

Su uku suka je asibiti, har da Asabe. Safara'u na kan benci tana salati, duk ƙofar da aka buɗe sai ta ɗago kai.

Likita ya ce bugun ne ba ya tafiya daidai. Magani zai riƙe shi, amma shi da gasar ƙwallo har abada. Habibullah ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ita kuwa ba ta ce masa ya yi shiru ba.

Da ƙafarsa ya kai wa Baba sakamakon, ya durƙusa, bai ɓoye ko kalma ɗaya ba. Baba ya daɗe yana duba takardar, sannan ya sa aka kira ta.

"Ke, idan ya sake faɗuwa kuna ku biyu fa?"

"Zan ji tsoro, Baba. Amma an koya mana abin da ake yi, kuma gara a ce ni ce a wajen."

Baba ya sunkuyar da kai, ya share ido da gefen babbar riga.

"To, ka turo manyanka."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta ya ce, "Allah ya bar min ku, ku tsufa tare."

Ta ce amin da ƙarfi, har sau uku.