Masoyin da Ba Ya Barin Sawu

"Ɗauki ki gani!"

Yaya Babba ya cillo wayarsa kan teburin aikina, sai da katunan da nake yankawa suka watse.

Na ɗauka na duba.

Ni ce.

Ni ce a ɗakinmu, babu ɗankwali, gashi a barbaje, da 'yar rigar shan iska, ina dariya baki har kunne. Ƙawata ce ta ɗauke ni da wayata bara muna tsifar kai. Yau ga hoton a intanet, a wani shafi marar suna marar fuska, an rubuta a ƙasansa maganar da bakina ba zai iya maimaitawa ba.

"Innalillahi... Yaya, wa ya sa wannan?"

"Ni kike tambaya? Wa kika sani da ya iya shiga intanet ya fita babu sawu? Fatalwarki mana!"

Fatalwa suke ce wa Injiniya a gidanmu, mutumin da nake so kamar in haɗiye. Gyaran kwamfuta yake yi a layin bayan shagona. Duk kwamfutar da ta shiga hannunsa sai ya lallaɓa mai ita ya sa mata manhajar nan ta kyauta, wadda ya ce kowa yana iya leƙa cikinta ya ga ba ta kai rahotonka ko'ina. Tawa ma bai bari ba. Na sha wuya kafin na saba, wata rana firinta ta ƙi, wata rana sauti ya ɓace, in kira shi ina masifa, ya zo ya buɗe wani baƙin allo ya rubuta layi biyu, komai ya dawo. Sannan ya kalle ni yana murmushi kamar ya sayo min mota.

Ba shi da shafi ko ɗaya, ba shi da hoto a ko'ina. In zai shiga intanet ta wata burauza yake bi, mai ɓoye inda mutum yake. Tun ranar da Yaya ya bincika sunansa bai samu komai ba ya ɗora masa karan tsana.

"Ba shi ba ne," na ce.

"Sai ki faɗa wa Abba haka. Ya ce a dakatar da maganar zuwan manyansa."

Ya fisge wayarsa ya fice.

Ko shagon ban rufe da kyau ba na nufi wurin Injiniya. Na same shi ya duƙufa kan wata tsohuwar kwamfuta, ya farke cikinta, sukurori a jere cikin murfin kwalba.

"Auta! Sarauniyata, yau da rana tsaka? Firintar ce kuma?"

Na miƙa masa wayata. Ina kallo murmushin ya bar fuskarsa. Ya yi saurin kife wayar a kan tebur.

"Subhanallah. Wa ya yi miki wannan?"

"Shi na zo ka gano min! Yanzu-yanzu! Ka buɗe baƙin allon nan naka ka fito min da shi!"

Ya duba shafin, ya danna nan ya danna can, sannan ya girgiza kai.

"Ba zan iya ba, zuciyata."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"In da burauzar nan ya buɗe shafin, saƙonsa ya bi ta kwamfutoci a ƙasashe daban-daban kafin ya iso. Ko su masu shafin ba su san daga ina ya fito ba. Haka aka gina ta. Da zan iya kama shi, da wani ma zai iya kama matan da na koya wa ita don su tsira daga masu bibiyarsu..."

"Lacca na zo ji? Mutuncina ake yawo da shi a waya, kai kana yaba min burauza!"

"Ba yabonta nake ba. Gaskiya nake faɗa miki."

"To wa da wa ka koya wa?"

"Duk wanda ya tambaya. Rabin layin nan."

Na dafe kai. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in ɗauki kwamfutar nan in rotsa masa. Mutum ya yi ta raba wa jama'a hular ɓuya kyauta, yau an saka ta an mare ni, shi kuma yana tsaye yana min bayani dalla-dalla.

Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce min ba.

"Ka rantse min ba kai ba ne."

Ya ɗago a hankali.

"Auta... ni?"

"Yaya ya ce..."

"Ban tambayi Yaya ba. Ke kika ce in rantse?"

Idanunsa suka kaɗa. Bai rantse ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya mayar da kansa kan sukurorinsa, ya ce zai kai ƙarar shafin ko za a rufe, in gaida gida.

Na fito ina kuka, haushinsa da haushin kaina sun haɗe min wuri ɗaya.

A bakin layi Mai Waya ya tare ni. Abokin Yaya ne, shagonsa na gyaran waya yana kallon nawa, ya daɗe yana min shisshigi ina share shi.

"Ƙanwata, sannu. Wallahi da na ga abin nan ko abinci kasa ci na yi, shi ya sa na nuna wa Yayanki. Na sha faɗa, mutumin da yake ɓoye kansa haka akwai abin da ya taka. Amma kar ki damu, ni ko duniya ta gama kallon hoton nan ina nan a kan bakana."

Na yi tsaki na wuce.

Gida kuwa ya zame min kamar kurkuku. Umma ta daina haɗa ido da ni, ƙawayenta sai bugo waya suke wai jaje. An rufe shafin, washegari wani ya buɗe da hoton. Aka sake rufewa, aka sake buɗewa. Injiniya bai kira ba, ni ma girman kai ya hana ni. In na kunna kwamfutata in yi aiki, komai a cikinta shi yake tuna min, sai in rufe in yi tagumi.

Ina goge gilashin wayata wata safiya abin ya faɗo min. Hoton nan bai taɓa shiga kwamfuta ba, a waya kaɗai yake. Wayar kuma a hannu ɗaya ta taɓa kwana ba nawa ba, lokacin da gilashinta ya fashe na kai wa Mai Waya.

Da gudu na je falo. Abba yana karin kumallo, Yaya yana gefe.

"Abba, Mai Waya ne! Shi na ba wa lambar sirrina!"

Yaya ya tuntsire da dariya.

"Ka ji sharri! Wanda ya iya ɓoye kansa daga duniya zai kasa shiga wayarki daga nesa? Ina hujjarki?"

"Ba ni da ita..."

"To ki rufe mana baki. Mutumin da ya ce zai rufa miki asiri ya aure ki a haka, shi za ki yi wa ƙazafi?"

Na durƙusa gaban Abba hawaye yana zuba.

"Abba, ba ni da abin da zan nuna maka. Injiniya ma ba shi da shi. Amma wallahi in aka raba ni da shi a kan wannan an zalunce mu."

Abba ya dube ni. Tsohon tela ne, ya fi yarda da idonsa a kan bakin kowa. Ya gama shan shayinsa, ya ɗauki hularsa ya fita.

Sai la'asar ya dawo, ya sa aka kira mu duka har Umma.

"Na je hira yau," ya ce yana kallon Yaya. "Na zauna a bencin abokinka har azahar. Yaro mai fara'a, har lemo ya saya min. Duk wanda ya kawo waya, kafin gaisuwa ta ƙare ya ce a faɗa masa lambar sirri. Wata yarinya ta kawo tata tana juya baya ya buɗe hotunanta yana turawa da yatsa, wai yana gwada gilashi. A gabana. Ko a jikinsa, don ya saba."

Yaya ya gyara zama.

"Abba, ai duk masu gyara haka..."

"Ban gama ba. Daga nan na je wurin ɗayan. Ya sha toka, da ƙyar ya iya gaishe ni, ka ga alamar an ɓata masa. Wata mata ta kawo kwamfuta, da aka zo wurin lambar sirri sai ya tura mata ita, ya tashi ya juya fuskarsa ga bango har ta gama. Wani dattijo ya ce shi ba ya gani sosai, bari ya faɗa masa ya rubuta. Ya ce a'a Baba, lalubo a hankali, ina jira. Mutum huɗu na ƙirga, sau huɗu yana kallon bango."



"Ni ban san intanet ba," Abba ya ci gaba. "Amma na yi shekaru ina auna matan mutane, na san hannun da yake tsayawa inda aiki ya tsaya. Ban ce na kama ɓarawo ba, Allah ne ya san shi. Na dai san wanda zan ba wa 'yata."

Yaya ya tashi fuu ya fita. Umma ta share ido da gefen mayafi, ta ce min in tashi in wanke fuska, na yi kama da mujiya.

Ban tsaya wanke komai ba.

Na samu Injiniya yana haɗa kaya zai rufe shago. Ya gan ni ya ɗauke kai.

"In firinta ce sai gobe."

"Ba firinta ba ce."

"To me?"

"Injiniyana... ka yi haƙuri."

Ya ci gaba da cusa kaya a jaka.

"Abin ƙaunata, magana nake. Na yi kuskure, tsoro ne ya ruɗa ni. Ka yi min faɗa mana, ka zage ni ma, amma ka daina wannan shirun, yana kashe ni!"

Ya ajiye jakar a hankali.

"Kin san abin da ya fi ci min rai? Ba tambayarki ba ce. Kin zo min da kuka, abu ɗaya kika roƙe ni a rayuwa, na kasa. Na zauna ina ta bin shafin nan kamar mahaukaci, na san ba zan samu komai ba, ina dai bi. Wataƙila ma ni na koya wa wanda ya yi."

"Wataƙila," na ce, don ban zo in yi masa ƙarya ba. "Kuma har yanzu ina jin haushin burauzar nan taka."

"Na sani."

"Da kai ma."

"Na sani, Sarauniyata."

"Abba ya ce manyanka su zo."

Ya zuba min ido. Na zaci zai yi tsalle, sai na ga ya jingina da tebur, muryarsa ta yi ƙasa.

"Auta, ki sani tun yanzu. Hoton nan ba zai goge ba. In an rufe nan zai fito can, wata rana ma 'ya'yanmu za su iya gani. Wanda ya yi kuma gobe zai buɗe shagonsa ya gaishe mu, ba abin da za mu iya. Ba zan yi miki alkawarin abin da ya fi ƙarfina ba."

Hawaye ya sake cika min ido. Wannan mutum, ko a ranar farin ciki ba zai iya yi min 'yar ƙaryar lallashi ba!

"Kai ka kalle shi?" na tambaya.

"Sau ɗaya, da kika miƙo min. Duk bin da na yi wa shafin, rufe hotuna na yi."

Na goge fuskata da bayan hannu.

"To su yi ta kallo. Kai ka turo manyanka."